Waiwaye: Ɓera Mai Tangaɗi da Hijirar Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1948, a wani ɗakin kiwon ɓeraye na masu binciken gado a birnin Edinbura na Sukotilan, aka haifi wasu 'yan ɓeraye da suka fita daban da 'yan uwansu. Sai da suka yi kamar mako biyu a duniya abin ya bayyana. Ɗan ɓera zai yi taku biyu ko uku, ƙugunsa ya karkace, ya faɗi ta gefe, ya yunƙura ya tashi jiki na rawa, ya sake faɗuwa. Mai kiwon da lafiyayyun dabbobi kawai yake so zai fitar da su ne ya huta. Douglas Falconer, masanin gadon halittu da ke aiki a wurin, bin zuriyar ya yi, har ya gano cewa ciwon na gado ne, kuma ba ya bayyana sai ɗa ya ɗauko lalatacciyar ƙwayar gadon daga uwa da uba duka. A 1951 ya wallafa bayaninsa, ya raɗa wa ɓeran suna mai ma'anar mai tangaɗi. Aka ci gaba da kiwon zuriyar, wannan ɗakin bincike ya miƙa wa wancan, har shekara 44 kafin a gano abin da ɓeran ya rasa.

Ta hanyar wannan ɓera aka buɗe wani babban al'amari da ya faru da ni da kai tun muna cikin mahaifa. Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kusan biliyan 16 daga ciki suna zaune a ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar nan ta waje mai lanƙwashe-lanƙwashe, wadda da ita muke magana, mu gane fuska, mu yi lissafi, mu yanke shawara. Kaurinta milimita 2 zuwa 4 ne kacal, amma hawa shida ce a jere, kowane hawa da irin ƙwayoyinsa da irin aikinsa. Kuma duk cikinsu babu wadda aka haifa a inda take zaune. Can ciki ake haifarsu, kusa da bangon kogon ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Daga nan kowace sai ta yi tattaki mai nisan da ya ninka girmanta sau ɗaruruwa, ta je ta sami mazauninta. A ɗan Adam, mafi yawan wannan hijira tsakanin wata na uku da na biyar na ciki take gudana. To ƙwayar da ba ta da ido, ba ta da kunne, wa ke nuna mata hanya, wa kuma ke gaya mata ta iso?

Wanda ya fara hango amsar shi ne Santiago Ramon y Cajal, likita ɗan ƙasar Sifen. A 1890, yana duban lakar ɗan tayin kaza a madubin ƙara girma, ya ga kan zaren jijiya mai tsiro ya buɗe da 'yan yatsu kamar mai lalube. A 1892 ya kawo ra'ayin cewa akwai sinadaran da wasu ƙwayoyi ke fitarwa, su kuma masu tafiyar suna jin su suna bi. Ba shi da kayan da zai tabbatar da haka. Ya karɓi kyautar Nobel a 1906, ya rasu a 1934 bai ga ko ɗaya daga cikin sinadaran ba.

Sai a 1961 aka fara ganin tsarin tafiyar. Jay Angevine da Richard Sidman, a Jami'ar Harvard ta Amurka, suka yi wa ɓeraye masu ciki allurar wani sinadari mai alama, wanda ke shiga ƙwayoyin da ke shirin rabuwa a wannan lokacin kaɗai ya zauna a cikinsu. Kowace uwa da ranar da aka yi mata. Da 'ya'yan suka zo duniya aka duba inda masu alamar suka sauka. Ƙwayoyin da aka fara haifa su ne a hawa na can ƙasa. Waɗanda suka biyo baya sun ratsa ta cikin yayyensu sun zauna a samansu. 'Yan auta su suka fi kowa yin nisa, suka tare a can sama. Ashe daga ciki zuwa waje ake gina ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma kowane sabon ayari dole ya keta ta cikin waɗanda suka riga shi.

Pasko Rakic, ɗan asalin Yugoslabiya, shi ya gano turbar. Ya yanka ƙwaƙwalwar ɗan tayin biri sala-sala, siraran da ido ba ya gani, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a madubin lantarki, yana haɗa siffar abin da ya gani. A 1972 ya nuna cewa akwai wasu dogayen ƙwayoyi da jikinsu ke bakin kogon ruwan, zarensu kuma ya miƙe har saman ƙwaƙwalwa, kuma ga sababbin ƙwayoyin jijiya nan a naɗe da zaren. Wanda ya taɓa ganin mahaƙin rijiya yana fitowa daga ƙasa ya san wannan tafiya: ya miƙa hannu ya damƙi igiya, ya ja gangar jikinsa sama, ya saki inda ya baro, ya sake miƙa hannu. Haka ƙwayar take yi. Takan zura dogon hannu gaba, ta manne da zaren, sannan ta jawo cibiyarta mai nauyi, wadda kundin gado ke ciki, ta biyo baya, ta janye wutsiya, ta ɗan huta, ta sake. A 2000 da 2001 masu bincike a Jamus da Amurka suka ƙara gano cewa waɗannan dogayen ƙwayoyi su ne ma iyayen masu hawan. Uwar da ta haifi ƙwaya, a jikinta ƙwayar take hawa.

Da wannan sani aka koma kan ɓera mai tangaɗi. Verne Caviness da Sidman suka duba ƙwaƙwalwarsa a farkon shekarun 1970, abin da suka gani ya ɗaure kai. Ƙwayoyin suna nan, an haife su a kan lokaci, kowace da irin siffar da ta kamata. Amma jerin ya kusa juyewa gaba ɗaya: na fari suna sama, ƙanne sun kasa wuce su, sun taru a ƙarƙashi. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, mai kula da daidaiton tafiya, ta tsumbure, ba ta da ninki-ninkin da aka san ta da shi, kuma daga nan tangaɗin ya samo asali. Ƙwayoyin suna iya tafiya. Abin da suka rasa wani saƙo ne.

A 1995 aka kai ga saƙon ta hanyoyi biyu, kuma kowace ta cancanci a tsaya a kanta. A jihar New Jersey ta Amurka, a ɗakin binciken Tom Curran, ana wani aiki ne daban, ana dasa wa ɓeraye wata ƙwayar gado mai alama. Sai dashen ya faɗa a tsakiyar wata ƙwayar gado ya lalata ta, jikokin ɓeran suka fito suna tangaɗi. Maimakon a ɗauke shi aikin da ya ɓaci, aka haɗa su aure da zuriyar Edinbura, aka tabbatar wuri guda ne ya lalace. Gabriella D'Arcangelo ta bi alamar dashen har ta zaƙulo ƙwayar gadon. Wani ƙaton furotin take haɗawa, mai gaɓoɓi sama da 3,400, wanda ake fitarwa waje da ƙwaya. Aka sa masa suna rilin.

A Japan kuwa, Masaharu Ogawa da Katsuhiko Mikoshiba da abokan aikinsu dabara suka yi mai ban sha'awa. Suka niƙa ƙwaƙwalwar lafiyayyen ɗan tayin ɓera, suka yi wa mai tangaɗi allurarta. Garkuwar jiki ba ta yaƙar abin da ta saba da shi, baƙo take yaƙa. Duk abin da ke cikin allurar jikin ɓeran ya san shi, in ban da abu ɗaya da bai taɓa mallaka ba, don haka a kansa ya haɗa makami. Da aka ɗauki makamin aka zuba a kan lafiyayyar ƙwaƙwalwa, sai ya je ya manne wa wasu ƙwayoyi da ke shimfiɗe a hawa na can ƙoli, dab da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Cajal ya zana su tun 1891, Gustaf Retzius na Suwidin ya zana su a 1893, aka yi shekara ɗari ana kiransu da sunan mutanen biyu ba a san aikinsu ba. Su ne masu zuba rilin. Tun da wuri suke zuwa su tare a sama, kuma idan ginin ya kammala yawancinsu mutuwa suke yi.

Sauran sarƙar ta biyo baya da sauri. A 1997 aka gano wani furotin a cikin ƙwaya mai tafiyar, Dab1, wanda idan babu shi ɓera zai yi tangaɗi ko da rilin ya wadata. A 1999, a birnin Dallas, Joachim Herz da mutanensa, waɗanda kitsen jini suke bincike, suka cire wa ɓera wasu makarɓa biyu da ke jikin fatar ƙwaya, ApoER2 da VLDLR. Ɓeran ya fito da irin ciwon na Edinbura sak. Da haka hoton ya cika. Rilin yana fitowa daga sama ya sauka a kan makarɓan. Makarɓan su tayar da Dab1 a ciki. Shi kuma ya sauya yadda ƙwaya ke mannewa da yadda ƙashin jikinta ke motsi, ta yadda za ta fuskanci sama, ta keta yayyenta, ta saki zaren, ta zauna a gurbinta.

Turbar hawa sama ba ita kaɗai ba ce. Kusan ɗaya cikin biyar na ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa aikinsu shi ne rage wutar sauran don kada ta wuce kima. A 1997 Stewart Anderson da John Rubenstein a San Francisco suka nuna cewa waɗannan daga wani yanki na can gindin ƙwaƙwalwa suke fitowa, su zagayo ta gefe, tafiya mai nisa ƙwarai. Akwai sinadaran da ke kore su daga yankunan da ba nasu ba, irin su semaforin, akwai masu jan su gaba, irin su niuregulin, akwai kuma wanda tantanin ƙwaƙwalwa ke fitarwa don riƙe su a layi har lokacin shigarsu ya yi. A 1994 kuma, shekara 102 bayan hasashen Cajal, Marc Tessier-Lavigne da abokan aikinsa suka tace ƙwaƙwalen 'yan tayin kaza kimanin 25,000 suka fitar da netirin, mai jagorantar zaren jijiya da kuma wasu ƙwayoyi masu hijira. Abin lura game da shi shi ne, ƙwayar da ke ɗauke da wani irin makarɓi tana jin netirin a matsayin kira, mai ɗauke da wani irin kuma tana jin sa a matsayin kora. Sinadari ɗaya ne, amma abin da zai haifar ya dogara da shirin mai karɓa.

Akwai ma ƙwayoyin da daga wajen ƙwaƙwalwa suke shigowa. A 1989 aka nuna cewa ƙwayoyin da ke ba jiki umarnin balaga a hancin ɗan tayi ake haifarsu, su bi zaren jijiyoyin sansana su shiga ƙwaƙwalwa. Idan turbar ta yanke sai su maƙale a hanya. Yaro ya taso ba ya jin ƙamshi ko wari, kuma shekarun balaga su zo su wuce bai balaga ba. Wannan shi ne ciwon da Franz Kallmann ya bayyana a 1944, kuma a yau ana taimaka wa masu shi da maganin homon.

A jikin ɗan Adam ma, daga waɗanda tafiyarsu ta sami tangarɗa aka koyi mafi yawan abin da aka sani. Akwai jariran da ake haifa ƙwaƙwalwarsu sumul, babu lanƙwashe-lanƙwashe, ɓawonta ya yi kauri fiye da kima, hawa huɗu maimakon shida. Irin wannan jariri wuyansa ba ya tsayawa a kan lokaci, tsotson nono yana ba shi wahala, kuma tun a watannin farko farfaɗiya take kama shi. A 1993 aka gano ƙwayar gadon LIS1, wadda ke kula da injin da ke jan cibiyar ƙwaya sama. A 1998 aka gano DCX, mai ƙarfafa sandunan da injin ke bi. DCX tana kan kundin gado na X, wanda namiji ke da ɗaya, mace biyu. Idan ta lalace a namiji duk ƙwayoyinsa abin ya shafa, ƙwaƙwalwar ta fito sumul. A mace kuwa, wasu ƙwayoyin da lafiyayyen kundin suke aiki, wasu da lalataccen. Na farko su isa gurbinsu, na biyu su tsaya a rabin hanya su yi nasu layin. A hoton MRI sai likita ya ga ɓawo biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Yarinyar tana iya tafiya, ta yi magana, ta shiga makaranta, amma farfaɗiya ta riƙa kayar da ita. A 2000 kuma, ɗakin binciken Christopher Walsh a Boston ya sami yara a iyalai biyu da aka yi auren zumunci a cikinsu, waɗanda rilin ɗinsu ne ya lalace, kuma ƙaramar ƙwaƙwalwarsu ta ƙeya ta tsumbure kamar ta ɓeran.

Ba gado kaɗai ke tare hanyar ba. Bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki na 1945, bincike ya nuna cewa 'yan tayin da tururin nukiliya ya same su tsakanin mako na 8 da na 15 su suka fi fitowa da tawayar hankali mai tsanani, kuma wannan shi ne lokacin da haihuwar ƙwayoyin da hijirarsu ke kan ganiya. A Iraƙi, a 1971 zuwa 1972, mutane suka ci alkamar iri da aka wanke da maganin zaiba. Da aka duba ƙwaƙwalen wasu jariran da iyayensu mata suka ci, aka tarar da ƙwayoyi a warwatse inda ba gurbinsu ba. Barasa tana yin irin wannan ɓarna. Ƙarancin aidin, mai kawo maƙoƙo, yana rage homon ɗin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke buƙata don gininta, shi ya sa tun farkon shekarun 1990 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri. Zaiba kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masu haƙar zinariya a Zamfara da Kebbi da Neja da ita suke kama zinariya, su ƙona ta, hayaƙin ya shiga huhu, ragowar ta bi ruwa ta shiga kifi.

Darasin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, duk matakin da aka hau, an hau shi ne saboda wani ya tsaya a kan wanda ya fita daban ya tambayi dalili. Mu a nan, sau da yawa, yaron da ke faɗuwa yana kumfar baki guje masa ake yi. A ce kada a taɓa yawunsa, a ce iska ce, a cire shi daga makaranta, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki idan an yi baƙi. Wani lokaci uwar ake ɗora wa laifi, a ce daga danginta ne, ko ta fita da almuru tana da ciki. Alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Lalacewar LIS1 ma, a mafi yawan lokuta, sabuwa ce da ta faru a ɗan kansa, babu ita a jinin uwa ko na uba. Dole a faɗi gaskiya cewa tangarɗar hijira ba ita ce babbar hanyar farfaɗiya a ƙasarmu ba: wahalar haihuwa, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da buguwar kai sun fi ta yawa. Amma dukansu dalilai ne da ke cikin jiki, ana iya neman su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun sami magani yadda ya kamata. Addu'a tana da muhallinta, kuma ba ta hana zuwa asibiti.

Akwai kuma haƙƙin ɗan da bai zo ba tukuna. Mafi yawan wannan tafiya tana wakana ne a lokacin da cikin bai gama fitowa ba, lokacin da kunya da al'adar ɓoye ƙaramin ciki ke hana mata da yawa zuwa awo. Kafin a je asibiti a wata na shida ko na bakwai, mafi yawan ayarin ya riga ya sauka, kuma ƙwayar da ta tsaya a rabin hanya ba ta sake tashi. Don haka maigida, da zarar uwargida ta ce ta ga alama, kai ta awo, kada ka jira ciki ya fito. A yi miya da gishiri mai aidin. Kada mai ciki ta sha wani magani, na kanti ko na gargajiya, sai ma'aikacin lafiya ya sani. Kada a ƙona zaiba a gidan da mata da yara suke. Idan an taɓa samun yara fiye da ɗaya masu irin wannan lalura a dangi, a gaya wa likita ba tare da jin nauyi ba, kamar yadda muka koyi yin gwajin sikila kafin aure. Wanda kuma Allah ya ba shi ɗan da ke faɗuwa, ya riƙe hannunsa ya kai shi wurin masu sani, ya bar shi a makaranta tare da tsaransa, ya kuma tsaya wa uwarsa a gaban dangi.